Yadda Ake Kaɗa Sandar Golf Ƙwallo Ta Yi Nisa Kuma Ta Tafi Saiti

A shekarun da na yi ina ɗaukar wa 'yan wasa jaka a filin golf na Yawunde, wanda ke gindin dutsen Febe, na sha ganin ƙaƙƙarfan saurayi ya tattara iya ƙarfinsa ya maka wa ƙwallo sanda, ta yi ɗan tsalle ta faɗa cikin ciyawa, sannan wani dattijo siriri ya zo a natse ya kaɗa tasa sandar kamar ba ya so, ƙwallo ta lula har ido ya gaza binta. Na daɗe ban gane dalili ba, sai da na fara buga wasan da kaina. Abin da ke kai ƙwallo nesa shi ne saurin kan sanda a daidai lokacin da ya same ta, kuma wannan saurin yana fitowa ne daga jeruwar motsin gaɓoɓi, kowace a lokacinta, tun daga tafin ƙafa har zuwa wuyan hannu. Tun da na dawo gida Garwa nake koya wa matasa wannan wasa, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu, a kan yashin kogin Binuwai idan ruwa ya janye da rani. Duk bayanin da ke tafe na mai buga wasa da hannun dama ne, bahago sai ya juya komai.

Kayan da ake bukata

Dokar wasa ta yarda mutum ya ɗauki sanduna har 14 a jakarsa, amma mai koyo sanda ɗaya ta ishe shi wata da watanni, wato ƙarfe mai lamba 7, sanda mai kan ƙarfe da aka rubuta wa lamba 7. Tsawonta matsakaici ne, fuskarta kuma, wato gefen kanta da ke dukan ƙwallo, a kwance take da kimanin digiri 30 zuwa 34, don haka tana ɗaga ƙwallo ba tare da wahala ba. Kada ka fara da babbar sanda da ake kira direba, duk da cewa ita ce ke burge kowa, domin tsawonta ya kai kimanin santimita 114, fuskarta kuma kusan a miƙe take, digiri 9 zuwa 12 kacal, saboda haka ƙaramin kuskure a hannu yakan zama babba a sama. Sanduna ba su da sauƙin samu a kasuwanninmu na arewa, sai dai a yi sautu wurin masu zuwa Yawunde ko Duwala, kuma ta gwanjo ta wadatar matuƙar karan bai lanƙwashe ba, robar mariƙin kuma ba ta yi santsi ba. Idan ta yi santsi, a wanke ta da sabulu da burushi, idan abin ya ci tura a naɗe ta da siririn yankin robar tayar keke.

Sai ƙwallaye, ko da tsofaffi ne, kamar 20. Ƙwallon da doka ta amince da ita ba ta wuce giram 45.93 a nauyi ba, faɗinta kuma bai gaza milimita 42.67 ba, kamar yadda hukumomi biyu da ke tsara dokokin wasan, R&A ta Sikotland da USGA ta Amurka, suka ƙayyade. Za ka kuma bukaci alli, da sanduna biyu miƙaƙƙu na shimfiɗawa a ƙasa don saiti, da takalmi mai kama ƙasa, domin silifa zame mutum take yi. A sa tufa wadda ba ta da yalwa, saboda hannun babbar riga yakan sarƙe sanda.

Wanda bai samu sanda ba tukuna zai iya fara matakai biyar na farko da ƙotar tsintsiya doguwa, ko da igiya mai kauri mai tsawon mita ɗaya wadda aka ƙulle bakinta. Wanda ba shi da fili kuwa, sai ya rataye tsohon bargo mai kauri a tsakar gida, ya bar shi sake-sake yana lilo, ya riƙa bugawa a ciki. Idan aka ɗaure bargon tamau ƙwallo za ta dawo wa mai ita, gidan sauro kuma ba ya tare ta ko kaɗan. Ƙasar da ta bushe ta yi tauri, irin laka ta gonakin masakwa bayan girbi, tana jijjiga wuyan hannu har ta ji masa ciwo, don haka a nemi yashi mai ɗan danshi ko a shimfiɗa yankin tsohon kafet.

Kafin komai, ka tabbata babu yaro ko dabba a inda ƙwallo za ta nufa ko kusa da bayanka. Yara sukan taru su yi kallo, kuma ƙwallon nan tana fita da gudun da ya isa ya fasa kai. Ni ba na ɗaga sanda sai na tsayar da 'yan kallo duka ta gefen da nake fuskanta, nesa da ni da taku 10 aƙalla.

1. Riƙon sanda

Ka ɗora mariƙin a kan yatsun hannun hagu, daga gindin ƙaramin yatsa zuwa tsakiyar manuni, sannan ka rufe hannun yadda idan ka duba ƙasa za ka ga tudun gaɓoɓin yatsu biyu. Hannun dama ya zo ƙasa da shi, tafinsa ya rufe babban yatsan hagu, ƙaramin yatsan dama kuma ya hau tsakanin manuni da na tsakiya na hagu, ko ya sarƙe da manunin. Kusurwar da ke tsakanin babban yatsa da manuni a kowane hannu ta nuna kafaɗar dama.

Kuskuren da na fi gani shi ne dunƙule sanda a tsakiyar tafi a matse ta kamar za ta gudu. Wuyan hannu shi ne maratayin da sanda ke lilo a kansa, kuma idan aka matse yatsu jijiyoyin damtse sukan ɗaure shi ya daina motsi. Ka riƙe ta gwargwadon yadda ba za ta suɓuce ba, amma idan wani ya kama kan sandar ya girgiza, wuyan hannunka ya bi shi.

2. Tsayuwa da saiti

Ka shimfiɗa sanda ɗaya a ƙasa tana nuna inda kake so ƙwallo ta je, ɗayar kuma a gaban yatsun ƙafarka, su jeru kamar layin dogo. Ƙafafu su buɗe daidai faɗin kafaɗa, gwiwoyi su ɗan sassauta, ka sunkuya daga ƙugu bayanka a miƙe, hannaye su sauko su rataye da kansu. Da ƙarfe mai lamba 7, ƙwallo tana zama a tsakiyar ƙafafu ko ta ɗan gota kaɗan zuwa hagu. Ka fara daidaita fuskar sanda a bayan ƙwallo tukuna, sannan ka gyara ƙafafu su bi ta.

3. Ɗaga sanda baya

Ka fara da juya ƙirji da kafaɗu gaba ɗaya, hannaye suna biye, har bayanka ya fuskanci inda ƙwallo za ta je. A wurin ƙwararru kafaɗu sukan juya kimanin digiri 90, ƙugu kuma kimanin rabin haka, kuma wannan bambancin shi ne ke miƙe naman ciki da na baya kamar robar gwafa da aka ja. Hannun hagu ya kasance a miƙe ba tare da ya sandare ba, wuyan hannu kuma ya lanƙwashe har sanda da damtsen hagu su yi kusurwa irin ta bango da ƙasa. Nauyin jiki ya taru a cikin tafin ƙafar dama, ta gefen ciki.

A yi hattara da zamewa. Masu koyo da yawa, maimakon su juya, sai su tura ƙugu da kai gefe zuwa dama, kuma duk wanda cibiyar da'irarsa ta gusa, da wuya ya dawo da ita wurinta cikin ƙiftawar ido. Ka tsaya rana tana bayanka da hantsi ko da la'asar, ka ajiye dutse a kan inuwar kanka, ka juya kana kallo. Idan inuwar ta bar dutsen da fiye da faɗin tafi, zamewa kake yi. Kada kuma ka yi gaggawa a nan, domin ƙwararru sukan ɗauki kimanin ninki uku na lokacin saukowa wajen ɗagawa.

4. Saukowa

A nan ne duk sirrin yake, kuma abin yana faruwa cikin kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na daƙiƙa, lokacin da bai isa mutum ya yi tunani ba, shi ya sa dole a koya wa jiki a hankali tun kafin a ƙara sauri.

Masana fiziks suna kwatanta wannan motsi da lilo mai gaɓa biyu. Gaɓa ta farko ita ce hannaye, masu juyawa a kan ƙirji, ta biyu kuma ita ce sanda, mai juyawa a kan wuyan hannu. Duk wanda ya taɓa kaɗa bulala ya san abin a aikace ko da bai san sunansa ba. Hannun mai bulala ba ya wani gudu na a zo a gani, amma idan ya tafi ya ɗan tsaya, motsin yakan gangara daga wuri mai kauri zuwa wuri siriri, har bakin bulalar ya yi ƙara. Haka jikin ɗan golf yake. Ƙafar hagu ce ke fara danna ƙasa, ƙugu ya buɗe zuwa hagu, ƙirji ya biyo, hannaye su biyo ƙirji, sanda ta zo a ƙarshe. Kowace gaɓa idan ta kai ƙololuwar saurinta sai ta ragu, ta miƙa wa ta gabanta, wadda ta fi ta rashin nauyi, saboda haka ta fi ta gudu.

Dalilin da ya sa ake barin wuyan hannu a lanƙwashe har hannaye su sauko kusa da cinyar dama shi ne, muddin kan sanda yana kusa da jiki, jiki yana juyawa da sauƙi da sauri, kamar yadda ɗaukar dogon azara a kafaɗa ke hana mutum waiwaye da hanzari, amma gajeren itace ba ya hanawa. Idan aka warware wuyan hannu tun daga sama, an tsawaita azarar tun tafiya ba ta yi nisa ba, juyin jiki ya yi nauyi, kuma saurin ya ƙare kafin a iso ƙwallo. Mai faskare da ya ƙware ma haka yake yi da gatari, ba ya sakin kan gatarin sai dab da itace. Sai dai ina gargaɗi a nan, domin na ga waɗanda suka ji wannan bayani suka koma ƙanƙame wuyan hannu da gangan, ƙwallonsu ta riƙa ficewa dama. Ba riƙewa ake yi da ƙarfi ba. Idan riƙo ya yi sassauci kuma ƙugu ne ya fara tafiya, sanda da kanta za ta tsaya a baya, kuma da kanta za ta fice waje idan lokacinta ya yi.

Hanyoyi biyu nake bi wajen koyar da wannan. Ta farko, ka juya sanda ka riƙe ta ta wajen kai, ka kaɗa mariƙin a iska kana sauraron fitar sautin “fuu”. Idan sautin ya fito ta wajen kafaɗarka ta dama, ka saki da wuri, kuma abin da ake nema shi ne ya fito a daidai wurin ƙwallo ko gaba da shi kaɗan. Ta biyu, ka haɗe ƙafafu, ka ɗaga sanda baya, kafin ta gama hawa ka taka ƙafar hagu gefe, sannan ka kaɗa. Wannan takun yana tilasta wa ƙasan jiki ya riga saman. Mai amfani da igiya ya fi kowa sa'a a wannan mataki, domin igiya ba ta yafe gaggawa, idan ka fizgo ta da hannu kafin ta kwanta a bayanka sai ta nannaɗe maka.

5. Ƙarasawa

Kada ka tsayar da sanda a kan ƙwallo. Ka bar ta ta wuce har ta zagayo bayan wuyanka, cibiyarka ta fuskanci inda kake nufi, kusan duk nauyinka yana kan ƙafar hagu, diddigen dama a ɗage. Ka tsaya haka ka ƙirga uku. Wanda ya kasa tsayuwa, ko ya faɗa baya, ya san cewa tun a saukowa ne jerin ya rikice.

6. Haɗuwa da ƙwallo

Sai ka iya matakan baya ba tare da ƙwallo ba sannan ka ajiye ta. Fuskar sanda da ƙwallo suna manne ne na kimanin rabin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, kuma a cikin wannan ɗan lokaci ƙwallo takan lotse ta sake miƙewa, ƙarfin da ke kanta a bugun direba kuma ya haura nauyin rabin tan. Kafin hannunka ya ji bugun, ƙwallo ta riga ta tafi. Ma'anar wannan ga mai koyo ita ce babu wani gyara da za a iya yi a lokacin haɗuwa, duk abin da zai faru an riga an yanke shi a matakan baya.

Akwai lissafi ɗaya da ya kamata ka riƙe. Kan direba yana da nauyin kimanin giram 200, kuma idan ya samu ƙwallo a tsakiyar fuskarsa, takan fita da saurin da ya kusa ninki ɗaya da rabi na nasa. Kan sanda mai gudun kilomita 150 a awa zai fitar da ƙwallo da kimanin kilomita 220 a awa. Manyan ƙwararrun Amurka kuwa sukan haura kilomita 180 a awa da kan sanda. Wani zai ce to a ƙara wa kan nauyi mana, kuma na taɓa ganin wanda ya kai tasa wurin mai walda aka liƙa mata ƙarfe. Lissafi ya nuna cewa ko da an ninka nauyin kan zuwa giram 400, saurin ƙwallo zai ƙaru da kimanin kashi 10 cikin 100 ne kawai, wannan ma idan gudun sandar bai ragu ba, alhali dole ya ragu tunda ta yi nauyi.

Abin da ya fi saurin ƙara wa mai koyo nisa shi ne samun ƙwallo a tsakiyar fuska. Ka goga alli a fuskar sandar, ka buga, ka duba inda tabon ya fito. Idan yana ta wajen diddigen sanda, wato kusa da kara, mai yiwuwa ka matso da yawa, idan kuma yana can baki, ka yi nisa ko kana miƙewa tsaye lokacin bugu. Idan babu alli, toka mai laushi da aka ɗan jiƙa tana yin aikin.

Game da ƙarfe mai lamba 7, sanda tana samun ƙwallo ne tana kan saukowa, sannan ta yanki ƙasa a gaban inda ƙwallon take. Masu koyo sukan yi ƙoƙarin kwaso ƙwallo daga ƙasa kamar da ludayi don ta tashi, sai su jingina baya, sanda ta daki ƙasa kafin ƙwallo ko ta shafi samanta. Ɗaga ƙwallo aikin kwanciyar fuskar sanda ne, kai naka shi ne ka buga ƙasa da gaba, hannayenka suna ɗan gaban ƙwallo. Yashin kogi ya fi kowace ciyawa koyar da wannan, kuma a nan mu mutanen Garwa mun fi na Yawunde gata. Ka ja layi a yashi mai danshi, ka tsaya layin yana tsakiyar ƙafafunka, ka kaɗa sau 10 kana matsawa a kan layin. Kowane yanka ya kamata ya fara a kan layi ya tafi hagu da shi. Sai ka samu takwas cikin 10 sannan ka jera ƙwallaye a kan layin.

7. Karanta tafiyar ƙwallo

Ƙwallo tana barin sanda tana wulwulawa ta baya, kimanin sau 7,000 a minti da ƙarfe mai lamba 7 a hannun ƙwararre, ƙasa da sau 3,000 da direba. Wannan juyin yana karkatar da iskar da ke wucewa zuwa ƙasa, iska kuma ta tura ƙwallo sama, abin da Bajamushe Gustav Magnus ya yi bayaninsa a 1852, kuma Peter Guthrie Tait, malamin fiziks a Sikotland, ya nazarce shi a kan ƙwallon golf a shekarun 1890. Ƙananan ramukan da ke jikinta, waɗanda yawanci ke tsakanin 300 da 500, suna sa iska ta manne mata ta rage ja da baya, har ta yi kusan ninki biyu na nisan da sumul ɗin ƙwallo za ta yi. Shi ya sa ƙwallon da yashi ya cinye ramukanta, ko laka ta toshe su, ba ta tafiya daidai. A riƙa wanke su, waɗanda suka goge kuma a ware su don bugun bargo.

Ƙa'idar gyara kuskure guda biyu ce. Inda ƙwallo ta fara nufa, mafi yawansa daga inda fuskar sanda ke kallo ne a lokacin haɗuwa. Lanƙwasar da take yi a sama kuma tana fitowa ne daga saɓanin da ke tsakanin fuskar da hanyar da kan sanda ya biyo. Cutar da ta fi damun masu koyo ita ce ƙwallo ta tashi ta riƙa karkata dama kamar lauje, kuma dalilinta shi ne sanda ta yanko daga waje zuwa ciki, wato daga nesa da jiki zuwa kusa da shi, alhali fuska tana buɗe, wato tana kallon dama da wannan hanyar. Mutum yakan ga haka sai ya ƙara juyawa hagu don ya rama, yankan ya ƙaru, lanƙwasar ta ƙara tsanani. Maganin yana mataki na 1 da na 4. Ka duba ko kana ganin gaɓoɓin nan biyu na hannun hagu, sannan ka ajiye kwalin da babu komai a ciki a waje da ƙwallo, da tazarar yatsu huɗu, ɗan baya kaɗan. Idan kafaɗu suka riga ƙugu, sanda za ta daki kwalin. Kada a sa dutse ko bulo a madadin kwali.

Yanayi ma yana da hannu. Iska mai zafi ta fi mai sanyi sakayau, haka ma iskar tudu, don haka ƙwallo takan ɗan ƙara nisa a zafin Maris da Afrilu, ko a Ngaundere da ke sama da mita 1,000 bisa teku, fiye da safiyar hunturu a kwarin Binuwai. Idan kana fuskantar iskar hunturu, kada ka ƙara ƙarfi, domin ƙarin ƙarfi yana ƙara juyi, ƙwallo ta yi sama ta tsaya cak ta faɗo kusa. Ka matsar da ita baya kaɗan a tsakanin ƙafafu, ka kaɗa da kashi uku cikin huɗu na saurinka. Da bazara a yi atisaye bayan sallar asuba ko bayan la'asar, a tafi da ruwan sha, kuma da damina da zarar an ji tsawa a ajiye sanda a bar fili.

A makonni biyu na farko, ka tsaya ga rabin kaɗawa, hannaye daga tsayin ƙugu zuwa tsayin ƙugu, ƙwallo 30 zuwa 40 a rana, kana duba tabon alli da yankan yashi bayan kowane bugu biyar. Idan tabon ya zauna a tsakiya, ka ƙara tsawon kaɗawar zuwa kafaɗa na wasu makonni biyu, sannan cikakkiya. Direba kuma ta jira har sai ƙarfe mai lamba 7 ya riƙa sauke maka ƙwallo bakwai cikin 10 a fili mai faɗin taku 20.